Takardar da Meram Ta Ɗauko

Gashuwa,
26 ga Yuni, 1985

Zuwa ga mahaifina, Malam Madu Abbo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata an yi Sallah lafiya, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maigidana Jumare yana gaishe ka, da jikarka Meram, da ƙaninka Baffa Nagoggo da na je yi wa barka da Sallah.

Baba, tambaya ce ta sa na rubuto. Malamin Turancin makarantarmu ɗan Gana ne, ya tafi cikin baƙin da aka ce su bar ƙasa. Firinsifal ɗinmu, Mista Bartholomew, ya kira ni ofis ya ce ni zan shirya wa 'yan aji uku dibet ranar taron iyaye, ƙarshen watan gobe. Yara za su yi da Turanci, ni kuma tunda Hausa nake koyarwa in riƙa fassara wa iyaye. Na ce masa to. Kunya ta hana ni cewa ban taɓa ganin yadda ake yi ba. Na duba ƙamus ɗin ofis, layi biyu kawai na samu, ban ƙaru da komai ba.

Inna, Allah ya jiƙanta, ta taɓa ce min a zamaninku babu wanda ya kai ka a wannan abu. Don Allah ka rubuto min ma'anarsa da yadda ake yinsa. Direban da ya kawo wannan zai juyo ranar Lahadi.

Ka huta lafiya. Ni ce 'yarka,
Yagana

Nguru,
30 ga Yuni, 1985

Yagana,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Gwiwa tana nan yadda take. Ina amsa gaisuwar duk wanda ya gaishe ni.

Mahaifiyarki tana da yawan magana, Allah ya gafarta mata. Amma tunda kin tambaya, ga amsa.

Ana rubuta kalmar debate, ana faɗinta dibet. A Hausar rediyo muhawara suke cewa, kuma ita ce ta fi kusa. Ba musu ba ne, don musu ba shi da lokacin tashi. Ba shawara ba ce, don a shawara ana neman bakin kowa ya zo ɗaya. Ba taɗi ba ne. Magana ce da ake yi a gaban jama'a kan batu ɗaya da aka rubuta tun kafin a zauna, an kasa masu magana gida biyu, waɗannan su ce haka ne, waɗancan su ce ba haka ba ne. Turawa suna amfani da ita ga abin da 'yan majalisa ke yi kafin su jefa ƙuri'a, da abin da 'yan makaranta ke yi don koyon magana. Sukan kuma ce mutum yana yinta da zuciyarsa in ya rasa abin da zai zaɓa. A kwaleji a Zariya malaminmu ya ce asalinta daga Faransanci ne, kuma can ma'anarta duka, wato bugu. Ya faɗa yana dariya, mu ma muka yi dariya.

Ga yadda ake yi. Ki sami tebur uku. Na tsakiya na shugaba ne, a ajiye masa agogo da ƙararrawa. Kowane gefe mutum biyu ko uku. Na farko minti biyar, na biyu minti uku. In ƙararrawa ta buga, ko a tsakiyar kalma mutum yake, ya zauna. Ba a yi wa abokin hamayya magana kai tsaye, shugaba ake yi wa, ko da wanda ake nufi yana zaune taku biyu daga gare ka. Ba zagi, ba nuna yatsa. Alƙalai uku, don kada su raba daidai. Suna duba tsayuwa, da murya, da hujja, da yadda yaro ya rushe hujjar ɗan'uwansa.

Saura abu ɗaya, shi ne kan abin. Yaro ba ya zaɓar gefensa. Ana rubuta gefen biyu a 'yan takardu, a naɗe, a zuba a hula, kowa ya sa hannu. Abin da ka ɗauko shi za ka kare, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Alƙalai ba gaskiya suke aunawa ba, iya magana suke aunawa. Ki riƙe wannan da kyau, domin ƙamus ba zai gaya miki ba.

An ce mana yana wasa ƙwaƙwalwa. Ni dai na ci kofi uku da shi, ga ni yau a gindin darbejiyar gaban gidan waya ina rubuta wa mahauta da 'yan dakon tashar jirgi wasiƙa. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, bara aka sallame mu da takarda mai layi huɗu, ita ma da kuskuren Turanci biyu a ciki. Yanzu mutum ya zauna ya faɗi abin da yake so, in gyara masa shi ya fito da kyau. Jiya na rubuta wa wani yana zargin ɗan'uwansa, da rana ɗan'uwan ya zo na rubuta masa amsa. Duka biyun sun yi kyau. Kin ga karatun bai tafi a banza ba.

Ki zaɓar musu batu mara nauyi. Likita da malami wa ya fi amfani, irin wannan.

Wassalam.
Mahaifinki,
Madu Abbo

Gashuwa,
8 ga Yuli, 1985

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na gode ƙwarai. Na karanta wasiƙarka sau uku, na kwafe dokokin a allo. Mista Bartholomew ya gani ya tambaye ni a wane littafi na samo. Da na ce mahaifina ne, sai ya ce in gayyato ka cikin alƙalai. Na ce masa ba ka zuwa Gashuwa. Ya tambayi dalili, na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Batun kuwa ba ni na zaɓa ba. Ya ce likita da malami na 'yan firamare ne, shi yana son abin da zai hana iyaye gyangyaɗi. Ga abin da ya rubuta: madatsun ruwan da aka gina can saman kogi wajen Kano amfaninsu ya fi illarsu yawa.

Mun yi ƙuri'a ranar Alhamis, a hular maigadi. Meram tana cikin shidan da aka zaɓa, ta sa hannu ta ɗauko gefen masu cewa madatsa alheri ce. Ita ce mai magana ta farko. Murna take yi, tana ta tambayar malamin labarin ƙasa yawan kadadar alkama da tumatir da ake nomawa da ruwan.

Baba, ka san halin da Jumare ke ciki, ko da yake ban taɓa rubuta maka shi sosai ba. Shekara biyu ke nan ruwa bai hau fadamarsu ba. Tafkin gidansu ya zama fili, yara na ƙwallo a ciki. Gorarsa ta kamun kifi tana rataye a zaure har ta tsage. Yanzu lodin buhu yake yi a tashar motar Jakusko, mutumin da ba ya cin tuwo sai da kifin da ya kamo da hannunsa. Kuma ya riga ya sa an wanke masa babbar rigarsa, wai zai je ya ji Turancin 'yarsa. Bai san batun ba tukuna.

Ina ganin in na yi masa bayanin hular zai gane. Ko kuwa?

Ni ce 'yarka,
Yagana

Nguru,
11 ga Yuli, 1985

Yagana,

Bayan gaisuwa. Ki cire yarinyar. Ki ce ba ta da lafiya, ko ki ba wata takardarta. In firinsifal ya ƙi, ki hana Jumare zuwa.

Kin ce ba ki san abin da ya hana ni Gashuwa ba. Zan rubuta miki sau ɗaya, kada ki sake tambaya.

A 1953 ina koyarwa a elementare a nan garin naku, kina goye. Wani Baturen makaranta ya zo rangadi, ya ce a shirya muhawara a ɗakin karatu tsakanin malamai da ma'aikatan En'e, a kira dattawan gari su ga abin da boko ke yi wa yaro. Batun shi ne a karɓe tafkunan kifi daga hannun gidajen da suka gaje su, a maida su hannun En'e. Ya cire hularsa ya zuba takardu. Na ɗauko gefen a karɓe.

Kakanki Abbo yana da tafki, na kakansa ne. Ba a shiga su a cikinsa sai ya je ya tsaya a baki ya ba da izini. Da kifin tafkin nan aka yi min guzurin Midil a Maiduguri, bandar kifi cike da buhu, har yara suna kirana da sunan kifi. Da ya ji ɗansa zai yi magana gaban Bature, tun hantsi ya zo ya zauna a tabarmar gaba, Nagoggo na gefensa. Ban yi tunanin in gaya masa komai ba. A Zariya mun yi irin wannan sau hamsin, mu tashi mu tafi cin abinci tare. Na manta cewa ba a Zariya nake ba.

Na yi magana mai kyau ranar. Ban taɓa yin wadda ta fi ta ba. Na ce ruwa na Allah ne, ba a gadonsa kamar akuya. Na ce tsoho ɗaya ba shi da ikon tsayawa a bakin tafki ya hana ƙauye guda abinci don kakansa ya riga kowa zuwa. Na ce masu tafki suna ɗaukar kaso ba su jiƙa ko ƙafa ba. Wannan ƙarya ce game da kakanki, ƙafarsa duk faso ne saboda ruwa, amma jimlar ta zauna daidai sai na bar ta. Tafinta ɗan garin ne, ya iya aikinsa, ya juya komai cikin Badanci, yaren mutanenmu, bai zubar da ko kalma ba. Ina magana ina kallon shugaba, kamar yadda doka ta ce. Ban kalli tabarma ba ko sau ɗaya.

Mun ci. Bature ya ba ni alƙalami.

Da la'asar na je gida na sami kakanki yana ɗinkin komar kamun kifi. Mutane sun riga sun zo masa jaje, kamar an yi mutuwa. Na durƙusa na yi masa bayanin hula da takarda, irin bayanin da kike shirin yi wa mijinki. Na ce wasa ne na 'yan boko, ba ra'ayina ba ne, da ɗaya takardar na ɗauko da na kare shi fiye da haka. Ya saurara har na gama, bai ajiye allurar ba. Sannan ya ce:

"In abin da ke ranka ka faɗa, ka ci amanata. In ba shi ne a ranka ba, ka tsaya gaban dattawa ka yi ƙarya da sunana a bayan naka. Zaɓi ɗaya ka gaya min wanne ne ɗana."

Ba a karɓe tafkin ba. Babu ma wanda ya yi niyya, Baturen ya wuce Geidam washegari ya manta. Amma maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakin kakanki. Na nemi canji zuwa Nguru, aka ba ni. Ya rasu a 1961, ina aji ina koyar da jam'in suna aka kawo min labari. Na ƙarasa darasin.

Mutanenmu ba su san magana marar mai ita ba. Duk abin da ya fito daga bakinka naka ne, har ka mutu. A da ina ganin wannan jahilci ne. Yanzu ba na ganin komai, na dai san haka abin yake. Jumare ya rasa ruwa, abin da ya rage masa yarinyar nan ce. Kuma a wannan karon ke ce tafinta, da bakinki zai ji.

Ki cire ta.

Mahaifinki,
Madu Abbo

Gashuwa,
29 ga Yuli, 1985

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na rasa abin da zan rubuta ne sai da abin ya wuce. Ka kuma yi haƙuri, ban bi maganarka ba.

Na gwada. Mista Bartholomew ya ce an riga an buga sunaye a takardar shiri. Na ce wa Meram ta yi ciwon ciki, ta ce ita ba ta da ciwon ciki, kuma sati biyu tana haddace jawabinta a bayan ɗaki. Sai na zaunar da Jumare na yi masa bayanin hula. Ya ce to. Na sake yi, ya sake cewa to, ya tambaya ko an goge rigar. Ban san ko ya ji ba.

Shekaranjiya Asabar aka yi. Zauren ya cika, rabin iyayen masunta ne ko waɗanda suka taɓa zama masunta. Jumare yana benci na biyu. Meram ta tashi, ta gaida shugaba da alƙalai, muryarta ko rawa ba ta yi. Ta yi maganar alkama da tumatir da ruwan famfo na birni, ina fassarawa. Sai ta zo inda ta ce kifin fadama ba zai ciyar da ƙasa ba, kuma wanda kogi ya bari ya kamata ya nemi wata sana'a maimakon zaman jiran ruwa. Baba, na yi niyyar in sassauta. Na buɗe baki sai na ga malamai suna kallona, su sun ji Turancin. Na faɗe shi yadda ta faɗa.

Sai Jumare ya miƙe. Bai fita ba, ni fita na zata zai yi. Ya kira sunanta, ya tambaye ta da me aka saya mata takalmin da ta shiga aji ɗaya da shi, da tumatir ne? Shugaba ya buga ƙararrawa. Mista Bartholomew ya ce in gaya masa iyaye ba sa magana. Kafin in faɗa, Meram ta juyo ta bar shugaba, ta ce wa mahaifinta da Hausa takarda ce ta ɗauko a hula, ba ita ta zaɓa ba.

Ya ce, "To ina ɗayar? A ba ni ɗayar."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya tako har gaban teburin yaran da ke ɗaya gefen ya tsaya. Ya fara da Hausa ya koma Badanci. Tafkuna ya riƙa kira da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, daga nan har hanyar Dapchi, da shekarar da kowanne ya ƙafe, da gidan da ya tashi saboda shi. In ya kira suna sai ka ji wani a baya ya ce haka ne. An buga masa ƙararrawa sau huɗu, daga baya shugaba ya ajiye ta. Mista Bartholomew ya matso ya ce min a hankali in fassara masa shi ma, sai na koma ina juya maganar mijina cikin Turancina mai ɗingishi.

Da ya gama Meram ta ɗaga hannu ta ce tana da minti biyu na amsa, doka ce. Ta ce masa duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma mutanen birni ma ƙishirwa suke ji. Ya ce su zo su sha ƙasar tafkinsa. Alƙalai suka ba gefen Meram nasara, wai Jumare ba ɗalibi ba ne, ba su da inda za su rubuta makinsa.

Ba zan ce maka ya huce ba. Tun daga ƙofar makaranta har gida suna yi, tana gaba yana baya, mutane na kallo. Ya daina kiranta da sunanta, Injiniya yake ce mata. Jiya ta kai masa abinci ya ce Injiniya ta zo da tuwon alkamar ne? Ta ce a'a, na geron da ya rage ne. Ya ci, yana ci yana kawo mata sabuwar hujja. Ta yi kuka sau ɗaya, ta share ta dawo da amsa. Yau da safe kafin ya tafi tasha na ji yana ce mata maganarta ta ruwan famfo ba ta da kai, ta sake shiri kafin ya dawo.

Baba, ka ce kada in sake tambaya, amma abu ɗaya ne ban gani a wasiƙarka ba. Da kaka ya ce ka zaɓi ɗaya, me ka ce masa?

Ka huta lafiya. Ni ce 'yarka,
Yagana

Nguru,
2 ga Agusta, 1985

Yagana,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta zo ranar Laraba. Na karanta, na yi aikin mutum uku, na sake karantawa.

Abin da mijinki ya yi ba dibet ba ne. Ya karya kowace doka da na rubuta miki.

Kin tambayi abin da na ce wa kakanki. Ban ce komai ba. Na tsaya ina jiran ya ba ni lokaci, babu wanda ya ba ni, sai na tashi na kakkaɓe gwiwata na fita. Na ɗauka an rufe zama.

Na rubuta miki cewa ban sake jin magana daga bakinsa ba. Haka ne. Abin da ban rubuta ba shi ne ya aiko Nagoggo nan Nguru sau biyu, shekarar farko da ta huɗu. Saƙon ɗaya ne, wai har yanzu yana jiran amsa. Duka biyun na ce zan rubuto. Na iya rubutu, kin sani. Na fara ya fi sau goma, kowanne ya yi kyau, ban san wanne ne nawa ba.

Ki gaida Jumare. Ki ce wa Meram duk ranar da ya kawo magana ta amsa masa, ko amsar ba ta da kai. Kada ta tashi ta fita.

Wassalam.
Mahaifinki,
Madu